Shirin ambaliya tun da rani ake yin sa

Ruwa hanyarsa yake bi, kuma duk wanda ya daɗe a wuri ya san hanyar. Shi ya sa aikin farko na kwamitin unguwa ko na ƙauye shi ne zana taswira tun kafin hadari ya fara haɗuwa. Yarjejeniyar Sendai da ƙasashen duniya suka amince da ita a Japan a 2015 ta nemi ƙananan hukumomi su ma su kasance da nasu tsarin rage haɗarin bala'i, kuma daga irin wannan taswira ake farawa. A tara dattawa, mata da matasa, a nuna inda ruwa ya taɓa kaiwa. Tabon da ya bari a jikin bango shaida ne, a auna tsawonsa a rubuta. A sa alamar rijiyoyi, masai, makaranta, da gidajen da ke da tsofaffi, masu juna biyu ko naƙasassu, don su za a fara kwashewa.

Inda shiri ya fi lalacewa shi ne wajen rabon filaye. Sai ka ga an yanka fili a kan hanyar ruwa saboda araha, mai shi ya cike da ƙasa, ruwan kuwa ya karkata gidan maƙwabci. Kada hukuma ta ba da izinin gini a irin wannan wuri, ko na wane ne.

Magudana daga mafitar ruwa ake fara yashe ta, a yi sama. In aka fara daga sama, ruwa zai taru inda ba a kai ba. Dattin da aka kwaso kuma a kai shi nesa, domin in aka jibge shi a bakin kwata ruwan farko zai mai da shi ciki.

Tsakanin masai da rijiya a bar aƙalla mita 30, masai ya kasance ta gangare, ƙasan raminsa ya ɗara ruwan ƙarƙashin ƙasa da mita 1.5. A ɗaga bakin rijiya da siminti a rufe ta. Sakaci a nan ne ke jawo kwalara bayan ruwa ya janye.

A gangaren da zaizaya ke ci, a dasa ciyawar jema a layi mai ratsa gangaren, santimita 10 zuwa 15 tsakanin tushe da tushe. Saiwarta na iya nutsewa mita 3, tana riƙe ƙasa, tana rage gudun ruwa.

A kafa sanda mai alamun fenti a bakin rafi, a rubuta sunan mai duba ta da wanda zai kira idan ruwa ya kai jan layi. A tsai da tudun da za a taru, da hanyoyi biyu na zuwa, a gwada su sau ɗaya kafin damina. Kada kowa ya ratsa ruwa mai gudu: zurfin santimita 15 na iya kayar da babban mutum, 30 na iya ɗauke ƙaramar mota.