Lectio Divina

Lectio divina, da Latinanci "karatu mai tsarki", hanya ce ta karanta Littafi Mai Tsarki a hankali, wadda mai karatu ke ɗaukar ɗan gajeren nassi ya yi ta maimaita shi, ya yi bimbini a kansa, ya mai da shi addu'a, da nufin nassin ya gyara masa zuciya da hali. Ta bambanta da nazarin makarantar tauhidi, inda ake bin tarihin nassi da nahawunsa, ta kuma bambanta da tsarin sauke littafin cikin shekara guda, domin a nan aya ɗaya na iya cinye sa'a. Ta girma a gidajen sufayen Kirista na Masar da Turai, amma yau Katolika da Angilikan da Furotesta da dama suna yin ta a gidajensu.

Asali

Ana danganta tushenta da Origen na Iskandariya, malamin ƙarni na 3, wanda ya shawarci almajirinsa Gregory da ya haɗa karatun Nassi da addu'a. A ƙarni na 4 sufayen hamadar Masar suka mai da abin aikin yini, suna saƙa tabarma da igiya suna karanta Zabura da ka. Dokar Pachomius, ɗaya daga cikin shugabannin sufayen Masar, ta wajabta wa sabon shiga ya koyi karatu ko bai so ba, ya haddace akalla Zabura da Sabon Alkawari. John Cassian, wani sufi da ya zauna da sufayen na Masar, shi ya kai koyarwarsu kudancin Faransa a farkon ƙarni na 5.

Wanda ya ba ta gurbi a jadawalin yini shi ne Benedict na Nursia, da ya kafa gidan sufaye na Monte Cassino a Italiya wajen shekarar 529. Babi na 48 na dokarsa ya fara da cewa zaman banza maƙiyin rai ne, sannan ya raba yini tsakanin aikin hannu da karatu. Daga Ista zuwa farkon Oktoba ana karatu kusan sa'a biyu kafin tsakar rana. A lokacin azumin da ake yi kafin Ista kuwa ana ƙara lokacin, a ba kowa littafi guda ya bi shi daga farko har ƙarshe. Benedict ya san halin mutane sarai: ya sa dattijo ɗaya ko biyu su riƙa zagayawa, su duba ko wani ya ajiye littafi ya ɓuge da hira. Ya kuma ce mai son karatu a lokacin hutun rana ya yi ba tare da damun na kusa ba, abin da ke nuna cewa a wancan zamani da baki ake karatu, leɓe na motsi, kunne na ji. Littattafai rubutun hannu ne a kan fata, masu tsada, saboda haka haddacewa ta zama dole.

Matakai huɗu na Guigo

Tsarin da aka fi sani ya fito daga Guigo na Biyu, shugaban gidan sufaye na Grande Chartreuse a tsaunukan Faransa daga 1174 zuwa 1180. A wata wasiƙa da ya rubuta wa ɗan'uwansa a zuhudu, Gervase, wadda ake kira Tsanin Sufaye, ya jera matakai huɗu: lectio, karatu; meditatio, bimbini; oratio, addu'a; da contemplatio, natsuwa shiru a gaban Allah. Ya kwatanta su da cin abinci: karatu ya sa loma a baki, bimbini ya tauna, addu'a ta fito da ɗanɗano, na huɗu kuwa shi ne daɗin da ke ƙosarwa.

Guigo bai tsaya a bayani ba, ya gwada da Matiyu 5:8, ayar da ke cewa masu tsarkin zuciya za su ga Allah. Da farko ya lura ayar ba ta ce tsarkin jiki ba, zuciya ta ambata. Daga nan ya tuno Zabura 24, mai tambayar wa zai hau tudun Ubangiji, da Zabura 51, inda Dawuda ke roƙon a halitta masa zuciya mai tsabta, da Ayuba da ya ɗaura alkawari da idanunsa. Tunanin ya kai shi ga gane cewa yana marmarin abin da ƙarfinsa ba zai ba shi ba, sai ya koma roƙo, yana cewa rijiyar na da zurfi, shi kuma ba shi da guga. Mataki na huɗu, a ganinsa, kyauta ce da Allah ke bayarwa lokacin da ya ga dama. Littattafan zamani da ke ware wa kowane mataki minti biyar sun tsara abin fiye da yadda Guigo ya nufa.

Dusashewa da farfaɗowa

Da jami'o'i suka bunƙasa a ƙarni na 13, karatun muhawara ya rinjayi na sufaye. Martin Luther, jagoran Furotesta na farko, wanda ya taɓa zama sufi, ya fito da nasa tsarin a 1539 daga Zabura 119: addu'a, bimbini, da gwaji, domin a wurinsa wahala ce ke koya wa mutum gaskiyar abin da ya karanta.

A cocin Katolika farfaɗowar ta zo bayan Majalisar Vatican ta Biyu, babban taron bishof-bishof na cocin, wadda takardarta Dei Verbum ta 18 ga Nuwamba 1965 ta ƙarfafa kowane mai bi ya riƙa karanta Nassi tare da addu'a. Carlo Maria Martini, babban bishof na Milan daga 1980 zuwa 2002, ya riƙa tara dubban matasa a babbar majami'ar birnin suna yin ta tare. Fafaroma Benedict na 16, a takardarsa Verbum Domini ta 2010, ya ce karatun bai kammala ba sai ya kai ga aiki, wato mutum ya ba da kansa ga wasu cikin ƙauna.

Suka

Babban abin da ake jin tsoro shi ne mutum ya tsinci aya ya raba ta da mahallinta, ya ji muryar son zuciyarsa ya ce Allah ne ya yi magana. Wasu Furotesta ma suna ɗari-ɗari da mataki na huɗu, suna ganin shirun ya fi kama da al'adun da ba na Nassi ba. Masu kare ta sukan amsa cewa sufayen dā sun haddace littafin kusan duka, kuma suna jin sa a cikin jama'a kullum, don haka aya ba ta zo musu ita kaɗai ba. Wannan ne ya sa ake son yin ta a ƙungiya. Cibiyar Lumko ta Afirka ta Kudu ta tsara matakai bakwai don ƙananan ƙungiyoyin unguwa: a karanta nassi, kowa ya furta kalmar da ta taɓa shi, a yi shiru, a tattauna, sannan a tsai da aikin da za a yi kafin haɗuwa ta gaba. Tsarin ya bazu a ƙasashen Afirka da Asiya.