Waiwaye: Yadda Katin Wi-Fi Ya Daɗe Yana Wahalar da Masu Linux da BSD

Akwai wata 'yar na'urar Wi-Fi ta USB da kamfanin TP-Link ke yi, TL-WN722N, wadda ta isa misali a wannan magana. Kwali ɗaya, suna ɗaya, fari ɗaya da eriya ɗaya. Amma fitowar farko cif ɗin Atheros AR9271 ne a cikinta, wato ɗan guntun lantarkin da ke yin ainihin aikin, kana soka ta a kwamfuta mai babbar manhajar Linux ta kama aiki. Fitowa ta biyu da ta uku kuwa Realtek RTL8188EUS aka saka, wanda ya shafe shekaru yana ba mutane ciwon kai. Bambancin da mai saye zai gani bai wuce "V1" ko "V2" da aka buga da ƙananan haruffa a jikin sitika ba. Linux ba ruwanta da sunan da ke kan kwali. Cif take gani, sai ta duba ko tana da direbansa, wato 'yar manhajar da ke fassara tsakanin babbar manhaja da na'ura.

Da farko abin bai yi tsanani ba. Lokacin da ƙa'idar Wi-Fi ta 802.11b ta fito a 1999, katunan da suka yi tashe su ne Orinoco na Lucent da masu cif ɗin Prism na Intersil. Waɗannan katuna su ke yin kusan duk aikin da kansu, da manhajar da aka riga aka dasa musu a ciki, don haka direba ba shi da nauyi. Jean Tourrilhes na kamfanin HP ya samar da kayan sarrafa su, irin su umarnin iwconfig, Jouni Malinen kuma ya rubuta direban Host AP, daga nan aka samu hostapd da wpa_supplicant waɗanda har yau ake amfani da su.

Tafiya ta sauya da zuwan 802.11g a 2003. Don a rage kuɗi, kamfanoni suka kwashe yawancin aikin daga kan kati suka ɗora wa kwamfuta. Direba ya zama shi ne komai, har da zaɓar tasha da ƙarfin siginal. Sai Broadcom da Texas Instruments da wasunsu suka rufe bakinsu, ba takardun bayani, ba direba sai na Windows. Hujjar da aka fi kawowa ita ce dokokin hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, cewa idan an buɗe lambobin, kowa zai iya sa rediyon ya shiga mitar da aka haramta. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma lokaci ya nuna cewa ɓoye sirrin kasuwanci ya fi yawa, tunda daga baya kamfanonin sun buɗe kuma sama ba ta faɗo ba.

A rashin uwa akan yi uwar ɗaki. A 2003 aka fara NDISwrapper, dabarar da ke yaudarar direban Windows ya zaci yana gidansu. Ka ɗauko fayilolin .inf da .sys daga faifan da ya zo da katin, ka ba shi, ya loda su cikin kanel ɗin Linux, wato zuciyar babbar manhajar. Bill Paul ya yi wa FreeBSD, ɗaya daga dangin manhajojin BSD masu kama da Linux, makamancinsa, ya kuma raɗa masa suna Project Evil, sunan da ya nuna shi kansa ya san abin da yake aikatawa. Dabarar ta ceci mutane da yawa, amma tana da lahani. Direban Windows ya saba da wurin aiki na kilobayit 12 a cikin kanel, alhali wasu rabe-raben Linux irin su Fedora kilobayit 4 suke bayarwa, sai kwamfuta ta sandare ba gargaɗi. Ba ta aiki sai a injin x86, irin na Intel da AMD, direban 32-bit ba ya hawa kanel na 64-bit, kuma da Windows Vista ta sauya tsarin direbobinta sai dabarar ta fara mutuwa a tsaye.

Waɗanda ba su yarda da aro ba suka ɗauki hanya mai wuya. A kan Broadcom, aka raba aiki gida biyu: wani rukuni ya feɗe direban kamfanin ya rubuta bayanin yadda cif ke aiki, wani rukunin da bai taɓa leƙa direban ba ya rubuta sabo daga bayanin. An yi haka ne don kada a ce an saci lambobi. Sakamakon shi ne bcm43xx, wanda ya shiga Linux 2.6.17 a 2006, sannan b43 ya gaje shi. Sai dai cif ɗin yana buƙatar famwaya, wata ƙaramar manhaja da ake loda masa duk lokacin da aka kunna kwamfuta, kuma Broadcom bai ba da izinin raba ta ba. Dole mutum ya sauko da direban kamfanin ya yanko famwayar da b43-fwcutter. Wato sai kana da intanet kafin ka samu intanet.

Labarin Atheros ya fi daɗin ji. Direbansa na MadWifi, wanda Sam Leffler ya fara, rabi buɗe ne rabi kulle, don haka ba a karɓe shi cikin kanel ba. Reyk Floeter na OpenBSD ya warware ɓangaren da aka kulle, aikinsa ya zama tushen ath5k a Linux. A 2008 Atheros ya sauko, ya ɗauki wasu daga masu wannan fafutuka aiki, ya saki ath9k a buɗe. Katunan ath9k na cikin kwamfuta ba sa buƙatar famwaya ko kaɗan, shi ya sa masu tsattsauran ra'ayin 'yancin manhaja ke neman su har yanzu duk da tsufansu. Intel kuwa ya fara da ipw2100 da ipw2200, ya yi tuntuɓe da ipw3945 mai rufaffiyar manhajar sa ido, sannan ya daidaita a kan iwlwifi. Broadcom sai a 2010 ya saki nasa buɗaɗɗen direban, shi ma na wasu cif kaɗan.

Gyara mafi girma a cikin gida aka yi shi. Kafin 2007 kowane direba da nasa tsarin, kowa na dafa tukunyarsa. A Linux 2.6.22 aka shigar da mac80211, wanda ya samo asali daga lambobin da kamfanin Devicescape ya bayar, ya zama gadon da direbobi ke kwanciya a kai. Batun dokokin mita kuma aka warware shi da kundin ƙa'idojin ƙasashe, wanda umarnin iw reg get ke nuna wanda kwamfutarka ke bi. Wannan ya kashe bakin tsohuwar hujja.

Yau matsalar ta ragu, amma ta koma wasu lunguna. Na farko shi ne direbobin da ke wajen kanel, musamman na ƙananan na'urorin USB masu cif ɗin Realtek, waɗanda su suka cika kasuwa saboda araha. Kanel ɗin Linux ba ya alƙawarin barin cikinsa yadda yake, don haka direban da aka harhaɗa ta DKMS, manhajar da ke sake haɗa direba duk lokacin da aka sauya kanel, yana iya ƙin haɗuwa bayan sabuntawa, ka wayi gari ba Wi-Fi. Idan kuma Secure Boot, tsaron da ke hana loda manhajar da ba a sa wa hannu ba, na kunne, kanel zai ƙi loda shi sai an sa masa hannu an yi rajistar makullin da mokutil. Marigayi Larry Finger ya kwashe shekaru yana rainon irin waɗannan direbobi. Yanzu rtw88, wanda ya shiga a 5.2, da rtw89 da rtl8xxxu sun ɗauke da yawa daga cikinsu, MediaTek kuma da direbansa mt76 ya zama zaɓin da ya fi kwanciyar hankali a USB.

Na biyu famwaya ce. Debian, ɗaya daga rabe-raben Linux, ta daɗe tana cire rufaffiyar famwaya daga faifan girkawa, mutum ya girka ya tarar da kati na nan amma bebe. Bayan ƙuri'ar da masu Debian suka kaɗa a 2022 aka sauya, Debian 12 ta 2023 ta zo da ita. OpenBSD na sauko da tata da fw_update. A BSD gaba ɗaya gudu ne ke baya: kati zai haɗu, amma sau da yawa a tsohuwar ƙa'ida, shi ya sa FreeBSD ta koma aron direbobin Linux ta LinuxKPI.

Tsofaffin HP da Dell na hannu da ake shigowa da su kasuwanninmu, da yawansu Broadcom ne a ciki, don haka tsohon rikicin bai bar mu ba. Kafin a taɓa komai, a buga lspci -nn idan katin ciki ne, ko lsusb idan na USB ne, a karanta lambobi biyu masu haruffa huɗu-huɗu, ta farkon ita ce ta kamfani: 14e4 Broadcom ne, 8086 Intel, 168c Atheros, 10ec ko 0bda Realtek. Sannan rfkill list, domin sau tari maɓallin jikin kwamfuta ne aka kashe, ana ta zargin direba a banza. Sai dmesg, a nemi layin da ke cewa an kasa loda wani fayil. Wannan famwaya ce ta ɓace. A Broadcom a kula: girka rufaffen direban wl yana toshe b43, don haka wanda ya girka shi a kan cif ɗin da bai dace ba ya kashe mai aiki da hannunsa. BCM4360 kuwa wl ɗin kaɗai yake ji. Idan na'urar USB ta bayyana a matsayin faifan CD da lamba 0bda:1a2b, usb_modeswitch take jira. Intanet ɗin da za a yi gyaran da shi kuma, a jona waya da igiyar USB a raba datarta.

Wanda ya gaji yana iya sauya katin gaba ɗaya, sukuru ɗaya ne da wayoyin eriya biyu. Intel AX200 yana aiki tun daga kanel 5.1, AX210 tun daga 5.10. A lura AX201 ba ɗan'uwan musanya ba ne, rabin aikinsa na cikin injin Intel na musamman, ba zai tashi a wata kwamfutar ba. Wasu tsofaffin ThinkPad da HP kuma suna da jerin katunan da BIOS, manhajar da ke tayar da kwamfuta, ya amince da su kawai. Idan aka saka baƙo, ThinkPad zai tsaya da kuskure mai lamba 1802, HP da 104, kuma ba za su wuce nan ba sai an zare katin.