Gidansa ne, amma sai ya yi sallama

Aikin rigakafi ya shigar da ni gidajen haya da yawa. Kwanakin baya na tarar da wata mai jego a zaune, ido ya yi jawur. Tana banɗaki tana wankan jego ta ji motsi a ɗakinta, jinjirin kuma yana kan gado. Ashe mai gidan ne da kafinta, ya buɗe da mukullin da ya ajiye a wurinsa, wai rufi suke dubawa. Da ta yi magana sai ya ce, "Gidana ne fa."

Gidansa ne, ba wanda ya musa. Amma daga ranar da ya karɓi kuɗin haya, ɗakin nan ya zama mazaunin wani. Mu da muke rubuta "Ba a shiga" a ƙofar zaure bai kamata a koya mana wannan ba. Aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da izini da sallama. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya kare sirrin mutum a gidansa, kuma bai ware ɗan haya ba.

Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta fayyace abin: mai gida na iya zuwa dubawa ko gyara, amma da rana, a lokacin da ya dace, bayan ya sanar a rubuce. Kowace jiha da dokarta, don haka kafin ki sa hannu a takardar haya, ki nemi a rubuta yadda za a riƙa shigowa. Gobara ko fashewar bututun ruwa daban ne, nan ba a jiran sanarwa. Ke ma idan an sanar da ke, kada ki hana gyara.

Bashin haya ba ya halatta cire kwano, ko garƙame ƙofa da kwaɗo, ko watsar da kaya a waje. Sai an ba da notis, sannan kotu ta yanke hukunci. A Legas da Abuja, mai biya shekara-shekara notis ɗin wata 6 yake samu, sai dai in yarjejeniyarsu ta faɗi wani abu daban.

Idan an kutsa miki, rubuta rana da lokaci, ki kira maƙwabta su shaida, ki adana rasit ɗinki. A fara da mai unguwa. In abin ya faskara, a nemi lauya ko ofishin Legal Aid, hukumar gwamnati da ke taimaka wa marasa ƙarfi da lauya.