Ma'anar "akadami", da abin da ake kira akadami a filayen ƙwallon Zariya

Yanzu a Zariya, daga Sabon Gari zuwa Samaru, daga Tudun Wada zuwa cikin birni, da wuya ka wuce filin firamare bayan La'asar ba ka ga yara cikin jesi iri ɗaya ba, an buga sunan wata "akadami" a baya. A shirin wasanni na rediyo ma haka, akadami kaza ta lallasa akadami kaza. 'Yan siyasa sun tsinci kalmar, wanda ya raba ƙwallo biyar da jesi a mazaɓarsa sai ka ji an ce ya kafa akadami. Kowa ya san wurin koya wa yara wasa ake nufi. Abin da ke damuna shi ne mun mayar da ita sabon sunan kulob, alhali aikinsu ba ɗaya ba ne.

Kulob nasarar Asabar mai zuwa yake nema, kuma ba laifi ba ne. Akadami kuwa yaro take reno, renon da ba a ganin amfaninsa sai bayan shekara takwas ko goma.

Asalin kalmar ma abin da yake faɗa ke nan. Daga Girka ta fito. A bayan ganuwar birnin Atina akwai wani lambun zaitun da ake kira Akademiya, wai sunan wani jarumi ne na tatsuniyoyinsu, Akademos. Kafin wurin ya yi suna da karatu, filin motsa jiki ne, inda samari ke gudu da kokawa. A nan masanin falsafa Aflaton ya fara tara ɗalibai wajen shekara ta 387 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, kuma ana ruwaito cewa shi kansa ɗan kokawa ne a ƙuruciyarsa. Ɗalibinsa Aristo ya shiga wurin yana ɗan shekara 17, bai bar shi ba sai da ya yi kusan shekara 20. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Wuri ne da jiki da ƙwaƙwalwa ke girma a inuwa ɗaya, kuma ba a gaggawa. Daga nan kalmar ta shiga harsunan Turai, ta iso mana ta bakin Ingilishi. Masu ƙwallon can da suka are ta sun riƙe wannan ma'ana. La Masia, akadamin kulob ɗin Basalona, wadda ta fara ajiye yara a 1979, makaranta take tura su da safe, kuma Messi yana ɗan shekara 13 ya je can a 2000, bai buga wa babbar ƙungiyar wasan gasa ba sai 2004.

Dalilin wannan haƙuri yana cikin jikin yaro. Yaro ba ƙaramin babba ba ne. A ƙarshen dogayen ƙasusuwansa akwai guringuntsi, ta nan tsayi ke ƙaruwa, kuma ba ya gama zama ƙashi sai wajen ƙarshen shekarun samartaka. Lokacin da yaro ya fara miƙewa da sauri, mata wajen shekara 11 zuwa 12, maza wajen 13 zuwa 14, ƙashi kan riga tsoka da jijiya tsawo. Sai ka ga wanda jiya yake yanka 'yan baya yau yana tuntuɓe da ƙafarsa, koci ya ce ya lalace. Bai lalace ba, sabon jiki yake koyon tuƙawa.

Na ga wannan a gidanmu. Ɗan yayata mai shekara 13 ya shiga wata akadami, an biya kuɗin fom da na jesi. Tirenin kullum, zagayen fili da tsalle a busasshiyar ƙasa, wasa Asabar da Lahadi. Bayan 'yan watanni ya fara ɗingishi, wani ƙullutu ya fito masa ƙasan ƙoƙon gwiwa, daidai inda jijiya ke manne da ƙashin ƙwauri. Likita ya ce ciwo ne sananne ga yara masu girma da ake ɗora wa gudu da tsalle fiye da kima, maganinsa rage aiki da miƙa tsoka. Na je na sami mai horar da su, na ce, "Koci, yaron nan hutu yake buƙata." Ya ce, "Yallaɓai, muna kusa da na ƙarshe, in ya zauna wani zai karɓe lambarsa." Ban ga mugunta a fuskarsa ba, mutum ne mai son yaran, har daga aljihunsa yake saya musu ruwa. Amma amsar mai kulob ya ba ni, ga kuma akadami rubuce a ƙirjinsa.

Son kofin ne kuma ke jawo rage shekaru. Najeriya ta ɗauki kofin duniya na ƙananan matasa sau biyar, a 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015, kuma a gasar 2009 da aka yi a ƙasar nan, har Kaduna da Kano suka karɓi baƙuncin wasanni, FIFA ta yi amfani da hoton ƙashin wuyan hannu don tantance shekaru. Wannan ɗabi'a daga ƙananan filaye take farawa. Duk gasar 'yan ƙasa da 13 da aka cusa ɗan 16, akwai ɗan 12 na gaskiya da aka bari a benci, wataƙila ma shi ne mai baiwar, jikinsa ne bai riga ya buɗe ba. Ga kuma alkawarin Turai da ake yi wa iyaye, alhali dokar FIFA ta hana cinikin ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a 'yan yanayi ƙalilan.

Ni a ganina, dandalin da muka taso a kai ya fi wasu akadamomin nan kusa da ma'anar kalmar. Langa tana koyar da tsayuwa a ƙafa ɗaya da riƙe jiki in an bangaje ka. Kokawa tana gina ƙugu da baya, 'yar gala-gala da tsallen igiya suna koyar da sauka, hawan mangwaro yana ƙarfafa hannu. Masana horar da yara abin da suke nema ke nan kafin balaga, wasanni iri-iri maimakon a kulle yaro a guda ɗaya duk shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga shekara 5 zuwa 17 a samu aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum, da abin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi sau uku a mako. Yara ta ce, har da mata, waɗanda kusan ba na gani a filayen nan.

Kafin uba ya biya kuɗin fom, ya tambayi ranakun hutu nawa ne a mako, wa ke duba takardar haihuwa, me ake yi wa yaron da ya ji ciwo, kuma ko ana neman sakamakon jarrabawarsa na boko da na Islamiyya. Ɗan yayata ya huta wata biyu, gwiwar ta lafa. Yanzu sau uku yake zuwa fili a mako, a wani wuri dabam a Samaru, wajen wani tsohon malamin motsa jiki da ba ya barin yaro ya taɓa ƙwallo sai ya ga littafin aikin gidansa.