Masu riƙon karnuka da kyanwoyi, ku daina haɗa su da na gida tun ranar farko

Jama'a, na gaji da ganin kwiyakwiyan da ake kawo mana neman magani cikin kwali, amai da gudawar jini sun tsotse su, ko kai ba sa iya ɗagawa. In ka tambaya, labarin ɗaya ne: "Mun karɓo wani riƙo daga gidan kula da dabbobin da ba su da masu su, sai muka sake shi cikin namu don su saba." Su saba! Saurin me kuke yi?

Ba riƙon nake hanawa ba. Wallahi masu yinsa sun cancanci yabo. Ka ɗauko dabbar da ba ta da kowa, ka ciyar, ka kwashe kashi, ka riƙa tashi cikin dare kana ba jaririn kyanwa madara duk bayan awa 2 ko 3, sannan ranar da mai so ya zo ka miƙa masa kana share ƙwalla. Aikin lada ne, kuma yana rage cunkoson da ke sa cuta yawo daga keji zuwa keji.

To daga cikin kejin nan baƙonku ya fito. Zai zo yana tsalle, ido garau, yana cin abinci, alhali cutar farbo, mai sa kwiyakwiyai amai da gudawar jini, na jikinsa, don takan ɗauki kwanaki, wani lokaci har 14, kafin ta nuna. Ƙwayarta kuma in ta zauna a ƙasa sai ta yi watanni ba ta mutu ba. Kyanwoyi ma suna da tasu irinta mai kashe 'ya'ya. Ga makero da ke kama yara, ga ƙuma, ga kaska, ga tsutsar ciki. Duk da haka sai na ji an ce yaro ya kwana da baƙuwar kyanwa a gado daren da ta zo. Haba!

Mako biyu kawai nake roƙo. Ɗaki daban, ƙofa a rufe. Zai yi kuka, yara za su yi magiya, ku daure. Shi kansa baƙon a tsorace yake, kuma kare mai tsoro shi ke cizo. Kada ku ce "ai namu an yi musu allura". Yaushe? An kammala? Kwikwiyo kan fara rigakafi a mako 6 zuwa 8, ana maimaitawa har mako 16. Allura ɗaya ba ta gama kare shi ba.

A gurguje:
- Kada ku baro gidan kula da dabbobin ba tare da takardar rigakafinsa ba, har da ta haukan kare in ya kai wata 3.
- Kwanonsa daban, shimfiɗarsa daban, wurin kashinsa daban.
- Ku fara da dabbobin gida, ku gama da baƙo, ku wanke hannu da sabulu.
- Daɓen ɗaki da kwanuka: a wanke, a bi da bilic (ruwan wankin fararen kaya) awo 1 cikin ruwa awo 30, a bar shi minti 10.
- Kyanwa ba ta shan farasitamol, kashe ta yake yi. Maganin ƙumar kare ma kada ya taɓa ta.

In ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15, a tafi asibiti a ranar. In kun ga amai, gudawa ko ƙin cin abinci, ku kira likitan dabbobi da waɗanda suka ba ku shi, ƙofar nan kuma ta ci gaba da zama a rufe.