Shari'ar Haƙƙin Ƙirƙirar Magani Ba Sai Da Digirin Kimiyya Ba

An daɗe ana cewa lauya ba ya shiga shari'ar haƙƙin ƙirƙirar magunguna sai ya karanci kimiyyar halittu ko haɗa magunguna. A Amurka ba haka dokar take ba.

Aiki biyu aka cakuɗa. Wanda ke rubuta wa wani takardar neman haƙƙi ya miƙa wa USPTO, ofishin da ke rajistar haƙƙin ƙirƙira a Amurka, shi ake nema wa ilimin kimiyya ko injiniya, sannan ya ci jarrabawar ofishin. Mai tsayawa gaban kotun tarayya kuwa, lasisin lauya da izinin wannan kotun sun ishe shi.

Dubi dokar Hatch-Waxman ta 1984, wadda ta tsara yadda ake fitar da kwafin magunguna a Amurka. Idan wani kamfani na son fitar da kwafin magani mai rahusa, ya ce haƙƙin mai asali ba shi da inganci, mai haƙƙin na da kwana 45 ya shigar da ƙara, hukumar kula da abinci da magunguna ta FDA kuma ta jinkirta amincewa da kwafin har wata 30. Irin wannan ƙara, wadda kotunan tarayya da ke jihohin Delaware da New Jersey suka saba da ita, alƙali ne kan yanke ta, shi kuwa galibi bai karanci kimiyya ba. Ƙwararrun shaidu su ke kawo ilimin. Aikin lauya shi ne ya warware maganarsu yadda alƙali zai gane, ya kuma titsiye shaidan ɗaya ɓangaren da tambayoyi.

Digirin na da amfani, ba musu, kamfanonin lauyoyi ma na rububin masu shi. Amma a ganina mai digirin da bai iya bayani ba ya fi shan wuya a kotu.