Mene Ne TACE, Kemon da Ake Kai wa Ciwon Daji Har Inda Yake?

Kemo magani ne na kashe ƙwayoyin ciwon daji. Wanda aka fi sani shi ne wanda ake ɗaurawa a jijiyar hannu kamar ƙarin ruwa. Maganin yakan zagaye jiki duka, ya taɓa mai ciwo da mai lafiya, shi ya sa gashi ke zubewa, amai ya addabi majiyyaci. TACE wata hanya ce daban, an fi amfani da ita a kan ciwon dajin hanta da ba ya ciruwa da tiyata.

Likita yakan kashe zafin wurin da zai huda, ya huda jijiyar jini a matsematsi ko a wuyan hannu, ya zura siririn bututu mai laushi, wato kateta. Yana kallon hoton cikin jiki a allo, yana lallaɓa bututun kwana bayan kwana, har ya kai reshen jijiyar da ke ciyar da ƙullutun ciwon dajin. Nan zai saki maganin, sau da yawa doxorubicin, a gauraye da wani mai da ake kira Lipiodol, sannan ya bi shi da ƙananan ƙwayoyi da za su toshe jijiyar. Magani ya zauna a wurin, jini kuma ya yanke wa ƙullutun.

Hikimar tana cikin halittar hanta. Jijiyoyi biyu ne ke kai mata jini: wadda ta taso daga hanji tana kawo kusan kashi 75 cikin 100, sauran kuma daga wadda ta biyo ta ɓangaren zuciya. Shi kuwa ƙullutun daji kusan duk abincinsa daga ta biyun yake samu. Don haka ana iya toshe masa hanya, lafiyayyar hanta ta ci gaba da sha ta ɗaya jijiyar. Idan kuwa ciwon ya riga ya toshe ta hanjin, ko hantar ta yi rauni sosai, aikin kan zama haɗari.

A 2002 bincike biyu, ɗaya a Basalona ɗaya a Hong Kong, suka nuna hanyar tana ƙara tsawon rai ga waɗanda suka dace da ita. Amma a gaskiya ba kasafai take warkarwa ba. Takan rage ƙullutu, ko ta riƙe shi kafin a samu dashen hanta, kuma akan maimaita ta. Bayan an yi, zazzaɓi, ciwon ciki da kasala na wasu kwanaki ba baƙon abu ba ne.